Ranar da Malam Bahago Ya Sha Azumi

Sunansa na yanka Ya'u, amma in ka shiga Limancin Kona kana tambayar gidan Malam Ya'u, sai a tsaya ana kallonka ana tunani. Ka ce Malam Bahago mai zanen riga, nan take za a nuna maka lungun. Da hagu yake riƙe alƙalami tun yana makarantar allo. Malaminsa ya yi duka har ya gaji, ya bar shi da halinsa. Da hagun nan ya riƙe gida shekara arba'in, ko da yake tuwo da dama yake ci, kada wani ya je ya ɗora masa abin da bai yi ba.

Shi ba ya ɗinki. Za a kawo masa babbar riga, shadda ko saƙi, ya shimfiɗa ta kan wani faffaɗan katako a zaurensa, ya tsoma alƙalami cikin tawada ya zana mata aska takwas ko aska biyu, da tambarinta gaba da baya. Daga nan masu ɗinkin hannu su karɓa su bi sawunsa da zare, wata da watanni. Rigunan da suka bi ta hannunsa sun je Kano, sun je Ikko, manya sun sa sun ɗauki hoto, ba wanda ya taɓa tambayar wa ya zana. Wannan bai dame shi ba. Abin da bai so a sani ba shi ne, da ido ɗaya yake duk aikin nan. Cutar yanar ido ta rufe masa na hagu tun shekarar da soja suka canza launin kuɗi, saura na dama, kuma shi kaɗai ne jarin gidan.

Mutum ne mai barkwanci da kaifin baki, irin wanda in ya gaishe ka sai ka duba jikinka ka ga me ya gani. Amma halinsa ba ya fitowa sosai sai watan azumi. Tun yana ɗan shekara goma sha uku ya fara kai azumi, kuma har ya cika sittin bai taɓa shan ko ɗaya ba. Ya yi tafiya da shi, ya yi zazzaɓi da shi, an cire masa haƙori da shi. Da a ce ya riƙe wannan tsakaninsa da Ubangijinsa, da sai a ce madalla. To, ina. Sai ya mai da kansa mai binciken leɓɓan jama'a. Da la'asar zai zauna a bakin zaure, duk wanda ya zo wucewa ya kira shi a gaisa, yana gaisuwa yana duban bakinsa. In ya ga leɓe da laushi, sai ya ce, “Sannu da hutawa.” Ba ya ƙara komai, amma kafin a sha ruwa unguwa ta ji.

Wanda ya fi shan wahalarsa shi ne taubashinsa Dogara, tsohon masinja da ya yi ritaya yana zaune a Ƙofar Kibo. Dogara na da gyambon ciki, likita ya hana shi azumi shekara shida ke nan, kuma shekara shidan nan Bahago bai bar shi ya huta ba. Ya raɗa masa suna Sarkin Kunu. In sun haɗu a masallaci sai ya matsa masa wuri, ya ce a bar mai ƙarfi ya tsaya gaba, shi ne ya karya. Dogara yakan yi dariya don wasa ne na gado, ba a fushi da taubashi, amma wani lokaci dariyar ba ta wuce haƙora ba.

A azumin alif ɗari tara da casa'in da uku, da zafi ya fara shigowa, ranar tara ga wata Bahago ya tashi da raɗaɗi a goshi, ɓangaren dama, kamar an goga masa barkono. Ya ce rana ce. Kwana biyu sai ga ƙuraje masu ruwa sun feso, daga cikin gashi suka gangaro har gira, suka tsaya cak a tsakiyar goshi ba su ƙetara hagu ba. Ya duba madubin matarsa Delu, har ya yaba, ya ce ko shi ba zai ja layi ya miƙe haka ba. Sai ya danno hula har gira ya koma zaure. Delu ta ce fitsarin gizo-gizo ne, ta kwaɓa farar ƙasa ta shafa masa. Maƙwabta suka ji, kowa ya aiko da nasa, wani toka, wani man shanu da garin saiwa, fuskar malam ta koma kamar bangon da aka yi wa yaɓe aka fasa.

'Yarsa Maijidda nas ce a wani asibiti a wajen ganuwa. Ranar Juma'a ta zo gaishe su, ta tarar da uban ya juya mata ɓangaren hagu yana amsa gaisuwa, kamar mai fushi da bango. Ta zagaya ta ɗaga hular. Da ta ga ƙurji ɗaya ya sauko kan tsinin hanci, idon kuma ya yi ja, ba ta tsaya neman izini ba, ta aika aka kira tasi. Ya yi faɗa, ya ce shi ya haife ta, ba ita ta haife shi ba. Ta ce ta yarda, ya shiga mota su ƙarasa maganar a hanya.

Likitan asibitin da take aiki wani siririn mutum ne mai magana a hankali. Ya haska idon, ya tambaye shi ko ya yi ƙarambau yana ƙarami. Bahago ya ce wa bai yi ba. Likita ya ce to ita ce ba ta tafi ba. Ƙwayar cutar ta kwanta cikin jijiya shekara hamsin tana barci, yanzu ta farka ta biyo jijiyar goshi, kuma jijiyar nan ita ce ta ratsa har cikin ido. In ba a tare ta da wuri ba za ta bar tabo a kan baƙin idon, tabon da ba ya gogewa. Akwai magani, asaikilobiya sunansa, gari ne a 'yar kwalba da ake narkawa a zuba cikin ƙaramar ledar ƙarin ruwa, ya riƙa ɗiga cikin jijiya a hankali har awa guda. Sau uku a rana, bayan kowace awa takwas, kwana bakwai. Kuma dole a sha ruwa da yawa, don in jiki ya bushe maganin yakan taru a ƙoda ya toshe ta.

A lokacin maganin bai yawaita ba, sai da Kabir, ɗan Bahago, ya je har Kaduna ya zagaya manyan kemis kafin ya haɗo kwalaben. Shi kuwa mai ciwon, duk bayanin nan kalma biyu ya ji: ruwa, da rana.

Ya fara ciniki. Ya ce a haɗa masa ukun a zuba sau ɗaya bayan magariba, shi jikinsa ba na yara ba ne. Likita ya ce ba a yi. Ya ce to a yi masa a ɗuwawu kamar kowace allura ta mutunci, a wuce wurin. Likita ya ce wannan in ta shiga tsoka ƙona ta za ta yi. Da ya ga ba hanya, sai ya ce a kira masa malamai, shi ɗan Kona ne, ba ya shiga abu sai da fatawa.

A Limancin Kona kuwa neman malami ba wuya, wuyar ita ce a samu ɗaya kawai. Uku suka zo, suka zauna a gadon da ke kusa, aka shiga bahasi. Suka rabu a kan allurar jijiya, suka haɗu, suka sake rabuwa. A ƙarshe biyu suka tsaya a kan cewa ƙaramar ledar magani ba ci ba ce ba sha ba ce, amma babbar ledar da ake ƙara wa mutum don ta maye masa ruwa da abinci, wannan tana karya azumi. Dukansu uku, ba saɓani ko kaɗan, suka ce duk wannan dogon zance ne, Allah Ya riga Ya yi wa marar lafiya rangwame, ya sha ya rama, kuma ƙin karɓar rangwamen ba tsoron Allah ba ne. Bahago ya yi ta gyaɗa kai yana cewa haka ne. Ya san haka ne, ya karanta tun yana saurayi. Ba hukuncin Allah ke damunsa ba, fuskar Dogara yake hangowa.

Sai ya ɗebi rabin fatawar da ta yi masa daɗi ya bar sauran. Ya ce wa likita ya yarda da ƙaramar leda, babba kuwa ba ya so, hannunsa ba zai ɗauki ɗauri wuni guda ba. In ruwa ake so ya sha, zai sha da bakinsa kamar ɗan adam. Likita ya ji daɗi, ya sa aka ajiye masa babban jug a gefen gado, aka ce ya shanye uku kafin faɗuwar rana.

Jug kuwa ya riƙa ƙarewa, har da wuri. Abin da ba a lura da shi ba, malam ya ƙara son alwala. Da an cire masa leda sai ya ɗan karkata, ya tuttule jug cikin butarsa, ya ja takalmi ya fita bayan ɗaki. Alwalar walha, alwalar azahar, alwalar karatu, alwalar da aka yi don ana shakkar ta baya. A wuni ɗaya ya yi tara. Ma'aikatan ɗakin suka riƙa nuna shi suna cewa ga dattijo mai ibada, ciwo bai hana shi ba. Wata bishiyar gwanda da ke bayan tagar, wadda ta fara yaushi, ta miƙe ta yi kore shar. In an yi kiran magariba ya kurɓi kunu da ɗan ruwa, bai iya cin abin kirki ba don raɗaɗin ya sauko masa har muƙamuƙi. Ga zafin bazara ya kankama, ga fankar ɗakin ba ta juyawa sai ta ga dama.

Kwana biyu yana wannan, yana jin daɗin wayonsa. Masu dubiya in sun zo sai ya yi musu raɗa cewa yana nan da azuminsa, ma'aikata kuma suna rubuta cewa yana shan ruwa yadda ya kamata. A rana ta uku Dogara ya zo, ya jingine kekensa, ya shigo yana tambayar ina gadon sabon ɗan majalisarsa, don ya ji an ce taubashinsa ya shiga sahun masu sha. Ya zauna, suka gaisa. Yana gaisuwa yana duban bakin Bahago. Shekara shida ana yi masa wannan kallo, ya koyi karatun sarai. Dogara ya jira sai da Maijidda ta shigo da ledar azahar.

“'Yata, wa ya ce miki ubanki na shan ruwa?”

Ta nuna masa jug, ta ce wannan na biyu ke nan yau.

“Ni na san leɓen mai sha, nawa nake gani kullum. Wannan leɓen rabonsa da ruwa tun asuba.”

Bahago ya ce hassada ce, Sarkin Kunu yana neman abokin zama ne. Amma Maijidda ta riga ta sunkuya ta ɗaga butar da ke ƙarƙashin gado, ta ji ta cike, ta dubi jug, ta dubi uban. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ajiye ledar ba ta ɗaura ba, ta fita kiran likita.

Aka ɗebi jini, aka duba fitsarin da ya ragu ya yi ja kamar shayin da ba madara. Da yamma likita ya dawo da takarda, kuma a wannan karon bai yi magana a hankali ba. Ya ce ƙodar ta fara gajiya, ba zai ƙara zuba ko ɗigo na maganin ba sai ta farfaɗo, in ba haka ba garin ceton ido a rasa mutum. Yaushe za ta farfaɗo, wannan ya rage ga mai ita. Cutar dai ba za ta zauna jiransu ba. Bahago ya ce zai sha da yawa bayan magariba. Likita ya ce abin da za a sha a wuni ba a ɗura shi a zama ɗaya, ya juya ya fita.

Ko a nan bai saduda ba. Ya sha abin da ya iya da aka yi buɗa-baki, da asuba kuma ya sake ɗaura niyya, yana ce wa kansa saura kwana goma sha huɗu kawai a ga wata.

Da gari ya waye ya buɗe ido ya ga kamar an hura wuta da ɗanyen itace a ɗakin. Ya murza, hayaƙin bai tafi ba. Ya ɗaga hannunsa na hagu a gaban fuska, ya ga hannu, amma bai ga zanen tafin ba. Ya dubi ƙofa, wata mace ta shigo da farin kaya, bai san Maijidda ba ce sai da ta yi sallama. Nan tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya girma. Ya tuna rigar da ya bari a shimfiɗe kan katako, rabin aska a zane. Ya tuna ba shi da gona, ba shi da fansho, ba shi da wata sana'a. Ya kwanta ya juya wa bango fuska, bai yi wa kowa barkwanci ba har hantsi ya ɗaga.

Wajen ƙarfe sha ɗaya Dogara ya dawo. Maijidda ta tare shi a ƙofa ta gaya masa halin da ake ciki. Ya shigo ba waƙa ba kirari, ya zuba ruwa a kofin silba ya ajiye a hannun Bahago. Sannan ya ja labulen da ke zagaye da gadon, ya juya baya yana kallon labulen, ya ce shi bai ga komai ba, kuma ba zai ga komai ba, in an tambaye shi a unguwa zai ce bai zo ba.

Bahago ya daɗe riƙe da kofin. Shekara shida yana yi wa mutumin nan tsiya a gaban jama'a, yau ga shi ya samu rana, ya juya baya. Wannan ya fi ƙurajen zafi.

“Juyo, Dogara.”

“Ba sai na juyo ba.”

“Juyo ka gani da idonka. Kuma buɗe labulen nan, kada gobe a ce a ɓoye na sha.”

Dogara ya buɗe. Malam Bahago ya yi bismilla, ya kafa kai ya shanye, rana tsaka, ranar goma sha shida ga watan azumi, a gaban taubashinsa da 'yarsa da majinyata bakwai. Ya miƙa kofin aka ƙara. A na uku hawaye suka zubo masa, ya ce ciwon ne ke sa idon ruwa, kowa ya yarda. Da aka kawo babbar ledar ma ya miƙa hannu aka ɗaura. Dogara ya zauna har ya ga ta yi rabi, sannan ya tashi, ya ce gobe zai taho da kunu na mutum biyu, tunda majalisa ta samu waziri.

Sai da aka yi kwana biyu ba magani kafin ƙodar ta dawo hayyacinta. Aka ci gaba da ledar a hankali, da awo, aka ƙara masa kwanaki. Ya sha ruwa kamar raƙumi, alwala ta koma biyar, gwandar bayan taga ta koma yaushinta. Ƙurajen suka bushe suka yi ɓawo, hayaƙin ya riƙa janyewa kaɗan-kaɗan. Ranar da za a sallame shi likita ya haska idon ya daɗe yana dubawa, ya ce an ceto shi, amma akwai ɗan tabo a gefen baƙin, kuma zai zauna. Bahago ya tambaye shi, da ya sha ruwan tun ranar farko fa? Likita ya ce Allah ne masani, amma kwana biyun nan ba su taimaka ba.

Ya koma gida ana jajibirin Salla. Unguwa ta riga ta ji komai, har da lissafin alwala, don Dogara ya ce alkawarin rufin asiri ya warware tun da aka ce ya buɗe labule. Wata guda duk wanda ya wuce zauren sai ya ce masa sannu da hutawa, shi kuma ya amsa, don ya san shi ya saya. Da ya fara ramuwa ya yi ta mita, wai azumi ba daɗi in kowa na ci, ba tafsiri, ba ƙosan buɗa-baki, ba wanda ya ma san kana yi. Delu ta ce haka suke yi kowace shekara tun suna 'yan mata, ba su taɓa kai ƙara ba.

Ya yi shekara shida bayan nan yana zane, sai dai ya dawo da katakon cikin gida, tsakar gida inda haske ya fi, kuma sai ya kusa manna hanci a kan riga. Ranar da ya fara komawa aiki, rigar nan da ya bari ya ɗauko. Ya ƙarasa askar lafiya, don layinta miƙaƙƙe ne. Da ya zo kan tambari, ya ja da'irar ya zagayo, daidai inda zai haɗe ta sai tabon ya zauna a wurin. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, mafarin layin ya ƙi fitowa. Alƙalami na hannunsa, tawada na shirin ɗiga. Tun da ya fara sana'ar nan bai taɓa barin wani ya leƙa aikinsa kafin ya gama ba.

“Delu, zo ki duba min. Sun haɗu?”

Ta ajiye tankaɗe, ta goge hannu a zane, ta sunkuya. Tsakanin bakin layin da mafarinsa akwai tazarar da ƙwayar gero za ta shige. Ta dubi fuskarsa, ta ga yana jira, ta san in ta ce sun haɗu zai yarda.

“Saura kaɗan, Malam. Yi ƙasa.”

Ya yi ƙasa.

“Nan?”

“Nan.”